Ƙwallon raga na mata: yadda ƙasashe ke karawa, da inda suke samo ƴan wasa

A ƙasar Dakwaro babu wanda za a koya wa kokowar takobi. A Tawa aka fara ta a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauko takobin. Tun daga nan kowace jiha takan tsamo ƙarfafanta ta tura. In ɗan jiharku ya yi kaye, ku duka kun yi kaye. In an kada shi, kowa sai ya ji ƙasa a bayansa.

To, ƙasashen duniya ma haka suke yi da wasanni iri-iri. Akwai wanda mata ke yi da sunan ƙasarsu, a kafa tuta, a buga taken ƙasa. Sunansa ƙwallon raga.

A watan Agusta na 2023 ƙasashen Afirka 12 suka aika matansu Yawunde, babban birnin Kamaru, don neman kofin wannan wasa. Maƙwabtanmu huɗu sun je: Najeriya, da Mali, da Burkina Faso, da Aljeriya. Nijar ba ta cikinsu. Wannan abu ya isa a zauna a kansa. Amma kafin mu kai can, sai mu san wasan kansa tukuna, don da yawa cikinmu ba su taɓa ganinsa ba.

Yadda ake wasan

Filin ba shi da girma. Tsawonsa mita 18, faɗinsa mita 9. Mita ɗaya kamar kamu biyu ne na babban mutum. A tsakiyar filin ana kafa sanda biyu, a ɗaura raga a tsakaninsu, ta raba filin biyu daidai. Ga mata, bakin ragar na sama yana mita 2 da santimita 24 daga ƙasa. Ga maza, mita 2 da santimita 43. Namiji matsakaici in ya miƙa hannu sama iyakar miƙewa, wajen bakin ragar mata yatsunsa za su kai.

Kowane gefe mutum 6 ne, uku gaba kusa da raga, uku baya. Ƙwallon bai kai na ƙafa nauyi ba. Giram 260 zuwa 280 ne, wato kwatan kilo da ɗan ɗoriya.

Abin da ake nema ɗaya ne: ki sa ƙwallo ya taɓa ƙasa a filin abokan karawarki, kada ya taɓa ƙasa a naku. Ba a cafe shi, ba a riƙe shi, ba a gudu da shi. Bugunsa ake yi. Kuma gefe ɗaya ba ya taɓa shi fiye da sau uku kafin ya mayar. Mutum ɗaya ba ya bugu biyu a jere.

Waɗannan taɓawa uku su ne wasan duka, kuma matan ƙauye za su riga maza ganewa. Ku duba mata uku a bakin turmi suna lugude. Kowace taɓarya da lokacin saukarta. In biyu suka sauka tare, sai su gwabzu, hatsi ya watse. Haka ƙwallon raga yake. Ta fari tana tarbe ƙwallon da damatsanta biyu a haɗe, ta kashe masa ƙarfi. Ta biyu tana ɗaga shi sama da kan yatsunta, a hankali, kusa da raga. Ta uku ta taso da gudu, ta yi tsalle, ta maka shi ƙasa a wancan gefen. Masu kallo ta ukun suke yi wa guɗa. Amma waɗanda suka san wasan, ta biyun suke sa wa ido, don ita ke zaɓen wadda za ta ba, kuma ita ke ruɗa abokan karawa. A can gefen kuwa, na gaba sukan yi tsalle tare, su ɗaga hannuwa bisa raga kamar danga, don su tare dukan.

Akwai guda ɗaya a baya mai riga dabam da ta sauran. Aikinta tsaron ƙasa kawai. Ba ta duka daga saman raga. Sau da yawa ita ce mafi gajarta a cikinsu. A 1998 aka shigo da wannan matsayi, kuma ya buɗe wa gajeru ƙofa.

Wani abu kuma da ya kamata iyaye su sani: babu cakuɗa. Raga na tsakani. Babu mai ture wata, babu mai taka wata, babu mai riƙe rigar wata. Ko ragar ma in kika taɓa ta wajen tsalle, laifi ne.

Ana lissafi da maki. Duk lokacin da ƙwallo ya faɗi, gefe ɗaya ya samu maki ɗaya. Wanda ya riga kai 25 ya ci turmi ɗaya, amma sai ya tsere wa ɗan'uwansa da maki 2. In an yi 24 da 24, ana ci gaba har a samu ratar. Wanda ya fara cin turmi 3 shi ya ci wasan. In kowa ya ci biyu-biyu, sai a yi turmi na biyar, na raba gardama, shi kuma a 15 yake tsayawa.

Wani malamin motsa jiki ne a Amurka, Wiliyam Mogan, ya ƙirƙiro wasan a 1895. Ya yi shi ne don magidanta waɗanda ba su iya wasan guje-guje da ture-ture. A 1947 aka kafa hukumar wasan ta duniya a Paris. A 1952 aka yi gasar duniya ta mata ta farko a Mosko, masu gida suka ɗauka.

Kofin Afirka

Afirka na da tata hukumar, an kafa ta a 1972. A 2020 aka zaɓi mace ta shugabance ta, Bushra Hajij, ƴar Maroko, wadda ita ma ta yi wa ƙasarta wasa. Hukumar ta raba ƙasashe shiyya-shiyya. Nijar na shiyya ta 3, tare da Najeriya, da Benin, da Togo, da Gana, da Burkina Faso, da Kwaddibuwa.

Gasar mata ta Afirka ta fara a 1976 a ƙasar Masar, kuma Masar ce ta ci. Tunisiya ta ɗauka, Aljeriya ta ɗauka. Har Seshel, wasu ƴan tsibirai a cikin teku da mutanensu ba su kai na birnin Maraɗi yawa ba, sun ɗauka a 2001. An sha yin gasar a Najeriya, kamar ta Abuja a 2005, amma kofin bai tsaya can ba. Kenya ta tafi da shi.

Kenya ita ce giwar wannan fage. Daga 1991 zuwa 2023 ta ɗauki kofin sau 10. Kamaru ta tsaya mata a gaba, ta ci sau uku a jere: 2017, da 2019, da 2021. A 2023 Kenya ta je har Yawunde ta karɓe abinta. A wasan ƙarshe ta doke Masar turmi 3 da babu. Kamaru ta zo ta uku a gaban mutanenta.

Wani abu ya faru a gasar 2021 da aka yi a Kigali, ƙasar Ruwanda. Masu gida suka sa wasu mata huɗu ƴan asalin Barazil a cikin ƙungiyarsu. Aka kai ƙara. Da aka duba takardu, aka ga ba a cika ƙa'ida ba, sai aka fitar da Ruwanda daga gasar a cikin gidanta. Wasan ƙasa da ƙasa ba ya yiwuwa da aron hannu. Kuma ku lura da abin da ya yanke hukunci: takarda. Yarinyar da ba ta da takardar haihuwa, ko ta fi kowa tsalle, ba za ta sa rigar Nijar ba, don babu abin da za a yi mata fasfo da shi. Wanda aka yi wa haihuwa, ya je ya sa a rubuta. Wanda ya makara, ya nemi takardar alƙali da ke maye gurbinta.

Gasar duniya ta 2025

Ƙasashe ukun da suka zo gaba a Yawunde, wato Kenya da Masar da Kamaru, su suka wakilci Afirka a gasar duniya. An yi ta a ƙasar Tailan, can gabas mai nisa, daga 22 ga Agusta zuwa 7 ga Satumba na 2025. Ƙasashe 32 suka hallara.

Ga yadda ake tankaɗe su. An raba su rukuni 8, kowane rukuni ƙasa 4. A cikin rukuni kowa zai kara da kowa. Biyun da suka fi su wuce, biyu su koma gida. Saura 16 ke nan. Daga nan sai irin ta kokowa: wanda ya faɗi ya fita. 16 su koma 8, 8 su koma 4, 4 su koma 2.

Na Afirka duka uku a tankaɗen farko suka fita. Kenya ce ta ɗan share mana hawaye. Jamus da Polan sun doke ta, amma ta doke Biyetnam 3 da babu kafin ta kamo hanya.

Wasan ƙarshe a birnin Bankok aka yi shi, tsakanin Italiya da Turkiyya. Ga yadda turamen suka kasance, makin Italiya ne a farko: 25 da 23, sai 13 da 25, sai 26 da 24, sai 19 da 25, sai 15 da 8. Italiya ta ci turmi na 1, da na 3, da na 5, ta ɗauki kofi.

Malaman yaƙi da jahilci, ga lissafi ya zo muku har gida. Ku rubuta alƙaluman nan a allo, ƴan karatu su tara makin kowace ƙasa. Za su samu Italiya 98, Turkiyya 105. Wadda ta fi tara maki ita ce ta rasa kofin! Turkiyya ta ci turamenta biyu da rata mai yawa, amma rata ba ta shiga lissafi. Turmi ake ƙirgawa. Manomi ya san irin wannan. Ruwan sama ya zuba kamar da bakin ƙwarya a wata ɗaya, ya ɗauke lokacin da gero ke fidda kai, bai kai ruwa kaɗan-kaɗan da ya zo a kan kari ba.

A cikin matan Italiya akwai baƙaƙe irinmu. Babbar mai dukansu, Pawola Egonu, a Italiya aka haife ta a 1998, amma iyayenta ƴan Najeriya ne. Tsawonta mita 1 da santimita 93. Ita aka zaɓa gwanar gwanaye a wasannin Olimfik na Paris a 2024, inda Italiya ta doke Amurka 3 da babu ta ci zinariya. Miriyam Silla kuma iyayenta daga Kwaddibuwa suke. Su ba aro ba ne, can suka girma, can suka yi makaranta, kuma suna da takardun ƙasar. Jininsu na yankinmu ne. Abin da suka samu can, fili ne da raga da mai koyarwa, tun suna ƙanana.

Ina ake samo su?

Nan maganar take. Ƙungiyar ƙasa ba a kasuwa ake sayenta ba.

A 1964 ƙwallon raga ya fara shiga wasannin Olimfik, a birnin Tokiyo. Matan Japan suka doke na Rasha, waɗanda suka fi su tsawo da ƙarfi, suka ci zinariya. Galibin matan nan ma'aikatan wani kamfanin zare ne a garin Kaizuka. Da safe su yi aikin kamfani, da la'asar su shiga fili, wani lokaci har tsakar dare. Mai horar da su, Daimatsu, mutum ne mai tsanani ƙwarai. Ni dai ban ce a yi koyi da tsananinsa ba, don wasa ba bauta ba ne. Abin dubawa shi ne ba ɗiyan sarakuna ba ne, ba ɗiyan attajirai ba ne. Ma'aikata ne.

Kyuba ƙaramar ƙasa ce, ba mai arziki ba. Matanta, akasarinsu baƙaƙe, sun ci zinariyar Olimfik sau uku a jere: 1992, da 1996, da 2000. Daga makarantu ake tsinto su tun suna yara.

Kenya ma haka. Makarantun ƴan mata na karawa da juna kowace shekara, daga gunduma har zuwa ƙasa baki ɗaya. Wata makaranta mai suna Lugulu, a yammacin ƙasar, ta yi suna wajen fitar da ƴan wasa. Wadda ta yi fice, in ta ƙare karatu, sai wata ƙungiya ta ɗauke ta. Manyan ƙungiyoyin na ma'aikatu ne: ta gidan kaso, ta kamfanin bututun mai, ta banki. Yarinya ta samu wasa, ta samu abin hannu. Daga cikinsu ake tsamo na ƙasa, waɗanda suka je Olimfik a 2000, da 2004, da 2021, da 2024.

Yanzu mu dawo gida. Shin tsawo muka rasa? Wanda ya taɓa cin kasuwar Sakabal ko ta Kwarnaka ya san amsa. Dogayen ƴan mata ba su ƙare ba, a cikin Hausawa, da Fulani, da Buzaye. Ƙarfi muka rasa? Yarinyar da ke jan guga a rijiyoyin Tarka masu zurfi, ta dawo ta yi sussuka ta yi daka, kafaɗarta ba ta buƙatar wani ƙarfen motsa jiki. Kuma ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a fagen duniya. Isaka Dabore ya ciyo mana tagulla a damben zamani a 1972. Abdurrazak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a wasan tekwando a 2016.

A ganina shekaru muka rasa. Ƴar wasa takan fara koyo tana da shekara 10 ko 12. Hannunta ba ya nuna sai ta kai wajen 20. Tsakanin nan shekara takwas ne ko goma na koyo, kuma a lakwal da kwaleji ake yinsu, don can ne ake da fili, da malami, da ƴan'uwan wasa. Mu kuwa daidai wannan lokaci muke fitar da ɗiya mace daga aji. Binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna cewa a cikin ƴan mata 4, ana yi wa 3 aure kafin su cika shekara 18. Jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi yawa. Gero ne ake yankewa yana ɗanye, sa'an nan a ce gona ba ta yi ba.

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace da ke makaranta, don ta samu ta yi karatu har shekara 16. Doka takarda ce. A zauren maigida ake yanke ko yarinya za ta koma aji bayan damina.

Kada wani ya ce don ƙwallo za a bar yarinya a lakwal. A'a. Don karatu ne. Cikin dubu, wataƙila ɗaya ce za ta sa rigar ƙasa. Sauran za su fito sun iya karanta takardar likita, sun iya lissafin adashi da na bankin hatsi, jikinsu kuma ya yi ƙwari kafin ɗaukar ciki. Ƙwallon ɗoriya ne. Amma ɗoriya ce mai sa yarinya son zuwa makaranta, kuma malamai sun san darajar wannan.

Maganar sutura

Na san abin da ke ran dattawa. Wanda ya ga wasan a talabijin ya ga gajerun wanduna, ya kau da kai. Yana da gaskiyarsa, wannan ba shigarmu ba ce. Sai dai gajeren wando ba shi ke buga ƙwallo ba. A wasannin Olimfik na 2016 a Barazil, wata ƴar Masar, Du'a Algubashi, ta yi irin ƙwallon ragar da ake yi bisa rairayi, mutum biyu-biyu. Ta fito da dogon wando, da riga mai dogon hannu, da kanta a rufe. Alƙalan wasa suka karɓa. Matan Iran ma a rufe suke wasa da sunan ƙasarsu.

Saboda haka a ƙauye ba sai an yi gardama ba. Dogon wando a ƙarƙashin riga mai kai gwiwa, da kallabi ɗaure tam. Zane ne kawai ba ya yi, don yana harɗe ƙafa wajen tsalle. A yi wasan a filin lakwal, da la'asar sakaliya, malama ko wata dattijuwa na zaune. Ƴan matan da ke gaɗa a dandali da farin wata ba su fi wannan tsari ba.

In za ku yi fili

Ku nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai rairayi, ku share ƙarangiya da tsidau da ƙaya sarai, don ana faɗuwa da hannu da gwiwa. In da hali, kada tsawon filin ya fuskanci gabas da yamma, don kada rana ta shiga idon gefe ɗaya.

Ku auna igiya mita 18 da wata mita 9. Wurin da mutane ke kuskure shi ne kusurwa, sai fili ya fito a karkace. Ga dabarar magina. Ku samu igiya mita 12, ku yi ƙulli a mita 3, ku yi wani a mita 7, ku haɗa bakunan biyu. Mutum uku su riƙe, kowa a ƙulli ɗaya, su ja ta miƙe. Gefe ɗaya zai zama mita 3, ɗaya 4, ɗaya 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4, ita ce daidai. Ku kafa turke a nan, ku yi haka a sauran ukun. Layi kuwa toka ta isa. A kowane gefe ku ƙara layi ɗaya, mita 3 daga raga, shi ke raba na gaba da na baya.

Sanduna su zama masu ƙwari, a binne su da zurfi, a ɗan nesa da layi. Kada a sare ɗanyen gawo ko aduwa saboda wannan, ku nemi izinin ma'aikatan daji ko ku yi da tsohon ƙarfe. Raga faɗinta mita ɗaya ne. Mai saƙar ragar kaya ta jaki ko ta raƙumi zai iya saƙa ta da igiyar kaba ko ta leda, idanunta kamar faɗin tafin hannu. Kafin a saƙa, igiya ɗaya da aka rataya wa tsummoki ta isa a fara. Ga ƙananan yara a sassauto da ita zuwa mita 2, ko ƙasa da haka.

Ƙwallon ne sai an saya, a Dakwaro ko Maraɗi. Ku ce na raga kuke so. Na ƙafa ya yi nauyi, yana kumbura damtse, yana targaɗa yatsu. Ku haɗa da famfo da allurarsa, kuma bayan wasa a ajiye shi a inuwa wurin mutum ɗaya sananne. Malamin motsa jiki na kwalejin da ke kusa da ku ya san dokokin, ku gayyato shi ranar da babu aji ya nuna wa ƴan matan yadda ake haɗa damatsa.